Mutuwa ta Takwas

Ni na ɗinka wa Barmo kakin gardi,
shekarar da gyaɗa ta yi tudu a bakin sikeli.
Kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka,
buhu ne ya danne ta tun yana ɗan dako.
Na cusa tsumma, na daidaita.

Wani mai kyamara ya gan shi yana kwaikwayon kumandan
don abokan dako su manta da yunwa.
Ya ce, "Sake." Ya sake.
Shi ke nan, kamiyon Yamai ya tafi da shi.

Ran da fim ɗin ya iso Maraɗi
muka biya dala bibbiyu, muka zauna ƙasa, sama ba rufi.
Ga Barmo a bango, ya fi giginya tsawo,
yana zabga wa talaka bulala.
Uwarsa ta miƙe tsakiyar jama'a:
"Ba haka na rene ka ba!"
Wata uku mai furar Bagalam ba ta dama masa ba.

Mugu suka ba shi, mugu ya riƙe:
gardi, tafinta, mai awon da ke danna sikeli da yatsa.
Sau bakwai na ga mutuwarsa,
kibiya, rijiya, kububuwa a takalmi,
sauran sun shige mini.
Kowane karo sai tafi da shewa,
shi kuwa yana bayanmu yana tauna goro,
yana cewa, "Faɗuwar nan ta ci mini gwiwa."

Da tele ta zo, akwati guda unguwa guda,
ana jona ta da batirin mota,
ya koma kakan da ke rigima kan ƙosai daren Alhamis.
Nan ne gari ya yafe masa.

Yau gidan siliman sito ne na siminti.
Faifan, in ji su, zafi ya narkar a wani ofis.
Ya tsufa a ƙofar shagona
yana gyara wa masu faɗa a titi:
"Wancan bai iya fushi ba. Dubi hannunsa."

Ta takwas ta zo ran Talata bayan la'asar.
Ba wanda ya ce a sake.
Sahu biyu muka yi a bayan liman.
Likkafanin ma ni na ɗinka.
Da na zo kafaɗar hagu, hannuna ya nemi tsumma,
sai na bar ta
yadda buhu ya bar ta.