Kira Takwas

A Jarba, tsibirin da teku ke lasa ta ko'ina,
babana Hamus maƙerin azurfa ne.
In rana ta faɗi yakan ajiye awartaki,
ya kankare baƙin gawayi daga farce,
ya buɗe littafin da sharhi ya kewaye nassi
yadda gidaje ke kewaye rijiya.

Ni ce mai kawo shayi.
Mai shayi kuwa ba a toshe mata kunne.

A daren nan ƙissar ɗan sarki aka kai,
kyakkyawan nan mai gashi har gadon baya,
wanda ya tare ƙofar gari yana rungumar masu ƙara
har ya yashe zukatan jama'a daga hannun ubansa.
Sarki ya fita ba takalmi, kai a lulluɓe,
yana hawan dutsen zaitun yana kuka.

Tsoho Mekikes ya aza yatsa a gefen shafi:
"Magabata sun ce, da gashi ya yi taƙama,
da gashi reshe ya cafke shi,
alfadari ya wuce, ya bar shi yana lilo
tsakanin sama da ƙasa.
Zuciya uku ya sata,
ta uba, ta alƙalai, ta talakawa,
mashi uku ya shige shi.
Mudun da ka auna..."
Bai ƙarasa ba. Ya dubi babana, ya haɗiye sauran.

Don unguwa duk ta sani:
yayana Faraji ya kwashe mundayen da aka ba mu ajiya,
ya hau jirgin Marsiliya, a ranar Asabar ma,
yau shekara shida, ko wasiƙa.
Sunansa ya zama garwashi a gidanmu.
Uwata sai ta buɗe tukunya take raɗa shi cikin tururi.

Babana ya ce, "Ka tsallake ƙananan baƙaƙen ƙasa.
Ƙirga mini, sau nawa sarkin ya ce ɗana?"
Mekikes ya bi layi da yatsa. "Takwas."
"Me suka ce a kai?"
"Bakwai, don ya ciro shi daga ramukan wuta bakwai,
kowane kira hawa guda."
"Na takwas fa?"
"Nan malamai suka raba hanya.
Wasu sun ce da shi ya shigar da yaron gidan rahama.
Wasu sun ce a'a, kai ne kawai ya haɗa masa da gangar jiki."

Shayi ya huce, ba wanda ya kurɓa.

Tsakar dare na ji motsi a maƙera,
ba guduma, ba zuga.
Na laɓe bayan tulu.
Babana na tsaye gaban kujerar da ba mai zama,
ya ce, "Ɗana."
Kalmar ta fito da tsatsa, kamar makullin da ya daɗe a ruwa.
Na jira ta biyu. Tari ya zo a madadinta.

Sarkin can gawa ya kira.
Namu yana raye, wataƙila, a wani ɗakin haya,
gashinsa ma tun yana ashirin ya fara zubewa,
ba reshen da zai kama shi.

Na ɗauki gawayi na ja layi bayan ƙofar kicin.
Bara, da Idin Bukkoki, na ja na biyu.
Jiya na uku.

Babana ya tsufa, tarin na ƙaruwa.
Ni dai ina ɓoye gawayin cikin gwangwanin gishiri.