Tabon Da Ya Riga Mu Zuwa

Tabaré ya bugo waya da la'asar:
"Gobe dillali zai zo, Nélida.
Kujerar Baba. Ki ɗan gyara mata fuska."
Na ce ba a fafe gora ranar tafiya,
ashe tuni ya ajiye.

Sanyin Yuli na shigowa ta ƙasan ƙofa
daga kogin nan namu mai faɗin teku.
Montevideo ta rufe tagoginta.
Na cika ƙoƙon mate da ruwan zafi,
na jawo fitila, na durƙusa gaban kujera
kamar mai neman gafara.

Ga kakin zuma, ga man zaitun a murfin kwalba,
ga tsohuwar singiletin Baba, na yaga ta uku,
ga cokali ina ɗumama bayansa a tururin buta.

Na fara da masu sauƙin kai.
Yaƙushin Pocha a hannun dama,
layi huɗu sirara, a jere.
Kyanwar ta mutu shekara tara,
farcenta bai samu labari ba.
Ɗigon mai, kan yatsa, murza, murza,
fata ta sha, ta yi duhu, ta haɗe bakinta.

Sai zoben da gindin kofi ya bari.
Sai tawadar biro, aikin Tabaré yana aji uku,
har yau bai amsa laifin ba.
Sai karcen makulli daga aljihun baya,
daidai inda mutum ɗaya ya zauna
shekara arba'in yana faɗa da rediyo
a kan ƙwallo.
Duk suka bi ni, wasu da gardama.

Saura ɗaya.
Dogo ne, a jingina, can wajen kafaɗar hagu,
fari-fari, ya ɗan karkace kamar lauje.
Na ba shi mai, ya ƙi sha.
Na ba shi kaki, ya tofar.
Na goga bayan cokali har hannuna ya yi tsami.
Ƙarfe biyu na dare, ni da shi,
ba mai niyyar sauka.

Baba ya ƙare ƙarfinsa a majemar Nuevo París,
warin jima bai bar wuyan rigarsa ba har kabari.
Yakan ce, in fata ta rikita ki, rufe ido,
yatsa ya fi ido gani.
Na rufe.

Sabon karce yana da leɓe, yana kama farce.
Wannan sumul.
Ba rami, ba tudu, ba bakin da zan haɗe.

Ashe ba namu ba ne.
Wata saniya ce, can a filayen arewa,
wata rana da ba wanda ya rubuta,
ta goga kafaɗa a waya mai ƙaya,
wataƙila ciyawar ƙetare ta hango.
Ta yi jini, ƙuda ya bi, ruwa ya wanke,
ta warke abinta, ta ci gaba da kiwo.
Ga ma cizon kaska nan kusa, ɗigo uku,
ban taɓa lura ba.

Me zan gyara a abin da ya riga ya warke?
Na rufe kwalba.

Da safe Don Wáshington ya zo da ɗan kurarsa.
Ya shinshina, ya danna, ya zauna, ya tashi,
yatsansa ya tafi kai tsaye.
"Wannan fa?"
Na ce saniyar ce ta zo da abinta.
Ya ce, "Ba saniya zan sayar wa ba,"
ya zabge peso ɗari biyar.
Tabaré ya dube ni, na dubi bango.

Mu uku muka sauko da ita, hawa biyu,
ta karci ƙofa a hanya, sabo fil,
ba wanda ya ce uffan.

Na dawo ɗaki hannuna na ƙamshin zuma.
A katakon daɓe, inda ta tsaya,
ga ramuka huɗu, ƙanana.
Na ɗauko cokali.
Na mayar.