Ɗanyen Daɓe

Ni magini ne, a Gweben Zogi aka san ni.
Shekara talatin hannuna na cikin siminti,
kuma tun ina ɗaukar bokiti na riƙe abu guda:
daɓen da bai bushe ba,
ko kaza ce ta taka, sawun ya zauna ke nan.

Asumana ɗan ƙanwata ne.
Sha biyar gare shi da aka kawo mini shi hutun lakwal,
yaro mai ido kamar ma'auni.
Ya dubi bango ya ce, Kawu, ya karkata,
in ja igiya, in tarar da gaskiyarsa.
Bulo ɗari huɗu da sittin ya lissafa a ka
ina nan ina laluben bik a aljihu.

Ranar zubin kankare a Wadata,
rana ta tsaya mana bisa kai kamar mai bin bashi,
wani lebura ya miƙa masa ƙwaya,
dala ashirin, wai maganin gajiya.
Na gani.
Abin da har yau ban faɗa wa Tsahara ba ke nan: na gani.
Har yabo na yi, na ce yaron nan doki ne!
Da marece na ƙara masa jikka.

Daga ɗaya sai biyu cikin kofi,
daga kofi sai fada har shayi na uku,
sai ƴar ledar nan mai ƙona maƙogwaro
da suke tsotsa bayan tasha.
Damina biyu kawai.

In aike shi sayen ƙusa,
ya dawo da hannu biyu yana tambaya ta me na ce.
Magana kaɗan, ya wurgar da cokalin gini.
Kayensa na lissafi gara ta cinye,
bai ma nema ba.
Ran wata Laraba ya faɗo daga tsani,
jiki na karkarwa, kumfa a baki.
Aka ce iska ce. Muka ƙona turare kwana tara.

A babban asibitin Tawa
likita Zalika ta tambayi sana'ata,
sannan ta juya takardar magani, ta zana kai.
Ta ce, kwanya ma gini ce,
kuma daga baya ake faro ta.
Ɗakin gaba, nan bayan goshi,
inda mai cewa dakata yake zama,
mai auna gobe kafin hannu ya miƙa,
shi ne na ƙarshe,
ba a kammala shi sai wajen ashirin da biyar.
Ƙwaya ta shigo ma'aikata na kan aiki.
Ta koya masa daɗin da ba a yi wa gumi ba,
sai tuwo, da ƙwallo, da dariyar uwarsa
duk suka koma lami.

Na ce, to, ginin ya tashi aiki?
Ta ce, ɗanyantaka ta sa ya ɗauki sawu,
ita kuma za ta sa ya ɗauki gyara.
Amma ban ce maka zai yi sumul ba.

Wata huɗu ke nan.
Yana tankaɗe yashi kusa da ni inda nake ganinsa.
Wasu darare ba ya barci, ƙasusuwa na cizonsa,
ya zage ni, da asuba ya kawo mini buta.
Shekaranjiya ya tsaya gaban wani bango ya daɗe,
ya ce, Kawu,
sai maganar ta ɓace masa.
Na ɓoye igiya a bayana. Na jira.

Jiya na gama daɓe a Bilbis,
na sari ƙaya na kewaye shi saboda awaki,
kamar kullum.
Ina cikin jera ƙayar hannuna ya tsaya.
Mai gida ya ce, lafiya, magini?
Na ce siminti ne ya shiga mini ido.