Ma'aunin Damƙa

Ƙarfe shida na safe a Akoka,
ƙarafan ɗakin atisaye sun kwana suna gumi.
Iskar teku ce ke cin su a hankali,
duk Asabar sai na bi su da tsumma da mai
kamar mai shafa wa tsoho ƙafa.

Ɗalibai goma sha tara.
Tobiloba ya tsuguna da nauyi a kafaɗa,
Nkechi ta riƙe agogo,
ni kuwa gwiwa nake tsaro:
kada ta karkata ciki, kada diddige ya bar ƙasa.
Na ce musu tsoka ba ta girma a ƙarƙashin ƙarfe,
a cikin barci take ɗinke kanta.
Suka rubuta.
Rabinsu tun kafin kiran assalatu suka baro Ikorodu,
ina za su samo barcin?

Shekara bakwai ina tara alƙaluma:
tsalle nawa, bugun zuciya nawa,
kwana nawa cinya ke ɗauka kafin ta huce.
Na aika maƙala, ta dawo bayan wata tara:
wai mutanen da na auna sun yi kaɗan.
Ran da na kusa cike gurbin aka ɗauke wuta,
na'ura ta manta da 'yan wasa talatin.
Na bi su ɗaya bayan ɗaya,
kuɗin danfo daga albashina.

Babana Tanimu, shekara talatin da huɗu
yana sauke buhun albasa a kasuwar Mil Sha Biyu.
Gammonsa ne ya biya mini makaranta.
Da na gama digiri na uku ya ce,
"Wai me kika karanta ne, Ladidi?"
Na ce, "Yadda ake ɗaga kaya ba a ji ciwo ba."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Ai da kin tambaye ni."

Jiya na kai masa ma'aunin damƙa Agege.
Ya jujjuya shi, ya matsa sau ɗaya
kamar mai gaisawa da ƙaramin yaro.
Allurar ta wuce inda golan jami'armu ya tsaya.
Amma da ya zo tashi daga tabarma
sai da ya dafa bango, ya dafa ni,
bayan ya ƙi miƙewa.

Na taho da lambar a tafin hannu da biro.
A cunkoson Oshodi ruwa ya sauko,
gumi ya fara cinye ta.
Na tuna layin mazaje a gindin tirela
waɗanda ba wanda ya taɓa auna musu ƙugu.

Litinin zan je da igiyar awo, da takarda, da goro.
Ba zan buɗe littafi ba tukuna.
Zan ce: Baba, durƙusa in gani,
ta ina kake fara kama buhun?