Gizagon Tunau

A bakin gulbin Yelwa, bayan rumfar masu banda,
akwai fili da ciyawa ta ƙi fita har yau.
Nan kakana Tunau ya ƙare ƙarfinsa
yana ƙwaƙule cikin maɗaci
har itace ya koyi iyo.

Ya ce nan ma kakansa ya tsuguna,
sai dai shi jiragen yaƙi ya sassaƙa,
dogaye, masu tsinin baki kamar na zalɓe.
Mutum talatin kowanne, ban da makaɗi.
Garkuwar fatar dorina a goshi,
kibau a kwari, garwashi a kasko,
su sulale da asuba ta cikin burgu
ba ka jin komai sai ɗigon filafili.

Jirgi ba ya taɓa ruwa sai an raɗa masa suna.
Akwai Ƙi-gudu. Akwai Kada-ba-ya-barci.
Akwai wanda mata suka canza wa suna, Mai-marayu,
don ya tafi da talatin
ya komo da bakwai.

Da jirgin ƙarfe mai hayaƙi ya hauro Kwara,
aka jingine masu, aka ɗauki gyaɗa.
Inda aka ɗora kwari, albasa ta hau.
Tunau bai yi kukan wannan ba.
Ya ce ciki ɗaya ne, ko me ka zuba zai ɗauka.

Kukansa sai shekarar madatsa,
da ruwa ya fara lasar gungunmu.
Jiragensa suka kwashe turame da ƙyamare,
awaki, tukwane, tsofaffi masu waige.
Kaburbura ne kawai suka fi ƙarfinsu.

Yanzu ƙanena Jatau ke da filin.
Katako daga kudu, ƙusa, kwalta da tsumma,
mako uku ya gama, a maƙala inji.
Suna? Fenti ya rubuta lamba.

Bara da rani gulbi ya ja da baya sosai,
hancin wani tsohon jirgi ya leƙo daga laka,
baƙi ƙirin, ƙwari kamar dutse.
Na kwance gizagon kaka daga tsumma,
na kai bakinsa kan sawun sara.
Bai zauna daidai ba.
Na matsa gaba kaɗan, na sake gwadawa.
Jatau na kira, wai in zo in riƙe masa katako.