Cikon Benci

Layi biyu ne a ƙofar lilon ƙarfe.
Dogon na masu riƙe da hannun juna ne,
ya naɗe kamar hanji har bakin mai gugguru.
Gajeren namu ne, mu da ƙafafunmu kawai suka rako mu.

Ranar Talata nake zuwa, in na rufe shagon ɗinki.
Bas daga Itajaí, iskar teku na leƙo taga.
Edivaldo mai tsaron ƙofa ya san fuskata.
Ba ya kiran suna, yatsa ɗaya yake ɗagawa,
ni kuwa in taso, Neuza, shekara hamsin da tara,
cikon benci.

Duk inda lissafi ya ƙi cika, can ake kai ni.
Iyali mutum uku, tarago mai cin huɗu.
Ango da amarya da suka ɓata a layi,
ita ta ce ko da wa a haɗa ta, ban da shi.

Valdemar bai taɓa hawa ba.
Shekara talatin da ɗaya yana tsaye a ƙasa,
jakata a kafaɗarsa, hula a hannu,
mutumin da ko tsani ne sai ya yi addu'a a mataki na uku.
Yanzu jakar na akwatin ajiya, lamba sha bakwai,
kuma akwati ba ya ɗago hannu in na wuce.

Yau da wani ƙato aka haɗa ni,
gemu har ƙirji, zanen damisa a damtse,
'ya'yansa mata biyu a gaba suna ta tsokanarsa.
Bai dube ni ba, ban dube shi ba.
Haka ladabin yake: kada gwiwa ta taɓa gwiwa,
kowa ya ja sakatarsa, ya kalli gabansa.

Sarƙa ta fara ja.
Ƙaƙas. Ƙaƙas. Ƙaƙas.
Rufin shaguna ya nutse, motoci suka koma ƙwari,
teku ya ɓullo bayan tudu kamar farantin da aka wanke.
Na ji numfashinsa ya sauya.
"Dona," in ji shi, murya kamar zaren da ya kusa tsinkewa,
"da saura?"
Na ce da saura kaɗan.
Ƙarya nake. Mun iso.

Akwai ɗan dakatawa a can ƙoli,
bai kai ƙiftawa biyu ba,
inda babu tela, babu mai bin bashi, babu wadda mijinta ya mutu.
Nan ya cafki wuyan hannuna.

Muka faɗa.
Ya kira uwarsa. Benedita sunanta, duk filin ya shaida.
Ni na saki ihun da ba na iya yi a gida
don bangon maƙwabta bai da kauri.
Sau biyu sama ta koma ƙarƙashin takalmanmu,
sau biyu ta dawo.

Birki.
Ya saki hannuna kamar wanda ya taɓa tukunya a wuta,
ya shafa gemu, ya ce ai lilon yara ne.

A bakin fita akwai allon hotuna.
Ga mu can, ɗari biyu da shida:
baki huɗu a wangale, furfurata a tsaye.
Kowa ya gani zai rantse kaka ce da ɗanta da jikoki.
Ƙaramar ta ce a saya. Ya ciro kati yana gunaguni.
Wata rana a Curitiba, a jikin firjin da ban san launinsa ba,
baƙo zai nuna ya ce, wace ce wannan?
Ban san me za su ce ba.

Suka yi wajen jirgin ruwa, ban bi su ba.
Shatin farce huɗu a hannuna,
kafin Alhamis zai baje.
Na sha ruwan rake a tsaye, na zagayo.
Edivaldo na ƙirga kawuna:
biyu, huɗu, shida, bakwai.
Ya waiwayo.