Dutsen Sifili

Ƙarfe huɗu na asuba Amândio ya danna hon sau ɗaya,
kada maƙwabta su farka.
Motarsa ta dakon lemu ce,
ko babu kaya, ƙamshin ɓawo na nan daram.
Muka cire tayar gaba,
muka kwantar da keken bisa buhuna
kamar majinyacin da za a kai asibiti.
Shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki,
hannuna ya san yadda ake tallafe wuya.

Daga Faro zuwa Chaves, in ji shi, awa bakwai.
Daga Chaves zuwa Faro, in ji ni, kwana goma sha uku.
Ya ce, "Benvinda, wane irin lissafi ne wannan?
A ƙona mai a kai ki nesa
don ki dawo gida da gwiwa?"
Ban tanka ba. Yayana ne.
Tun muna yara shi ke tambaya, shi ke ba kansa amsa.

A Alentejo gari ya waye mana.
Itatuwan da aka feɗe wa ɓawo sun tsaya jajur har ƙugu,
kowanne da lambarsa ta farin fenti.
Shamuwa ta kafa sheƙa kan turken lantarki
ba ta tambayi kowa ba.
Ni dai ba kallo nake ba, awo nake:
duk gangaren da motar nan ta sulale
hawa ne ke jirana,
bashi muke ci da gudu
wanda cinyata za ta biya da kaɗan-kaɗan.

Mun tsallake Tejo yana sauya tashar rediyo.
A gidan mai ya sayo kofi biyu,
ya zuba wa nawa sukari, ya manta na daina.
Na shanye.
Ya fara zancen likitan zuciyata, ya bari.
Ya fara zancen manyan motoci a kwana, ya bari.
Sai hannunsa na hagu, can cikin aljihu,
yana juya wani abu kamar mai ƙirga canji.

Arewa ta zo da duwatsu,
gonakin inabi hawa-hawa kamar matakala,
kunnena ya toshe, ya buɗe.

Chaves, ranar Lahadi, shaguna a garƙame.
Ga dutsen nan, fari, gajere, bai kai ƙuguna ba,
an rubuta masa sifili.
Wata takwas ina mafarkinsa,
na ɗauka zai fi haka tsayi.

Na sauke keken, na ɗauko taya,
na laluba jaka. Na zazzage ta a ƙasa.
Siririn ƙarfen da ke ɗaure tayar gaba,
wanda bai fi tsinken tsire ba,
babu.
Na gan shi a raina, kan teburin kicin,
kusa da kwanon kyanwa,
kilomita ɗari bakwai da talatin da takwas daga nan.
Na zauna kan dutsen. Ƙararrawar coci ta buga goma sha biyu,
na ƙirga duka don kada in yi kuka.

Amândio ya daɗe yana kallon takalminsa.
Sannan ya zaro hannu daga aljihu.
Ƙarfen ya yi ɗumi, har da gumi.
"A ƙofa kika yar," ya ce.
"Na so in ga ko za mu koma tare."

Shi ya durƙusa ya ɗaure,
ya murza taya, ya kasa kunne,
ya matse birki sau uku kamar mai taya kaya a kasuwa.
Ya tura lemu huɗu cikin jakata,
nauyin da na kwana ina ragewa.

Ban waiwaya ba sai a bakin gada.
Yana nan tsaye, hannu a aljihu,
aljihun da babu komai yanzu.
Kafin in ga dutse na ɗari yana gida.
Ni kuwa, ga na ɗaya can,
yana tahowa a hankali.